Walƙiyar leza a cikin ruwan jiki: me ya hana furotin dahuwa?

Bashir Lab: Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga malaman fiziks da likitocin da ke wannan zaure. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje ya san tsohon gwajin nan na furotin a fitsari. Ka zuba fitsarin a bututun gwaji, ka kara samansa a harshen wuta, ka bar ƙasan da sanyinsa. In da furotin, saman zai yi fari-fari ya gauraye, ko ka ɗiga asid bai washe ba. Furotin ya dahu ke nan, kuma ba ya komawa yadda yake. Albumin na cikin jini ma da zafi ya haura digiri 60 ya fara lalacewa. To sai ga shi na karanta cewa akwai wata leza mai gajeriyar walƙiya da ake yanka ido da ita, ƙarfinta ya wuce misali, amma wai ba ta dafa naman da ke gefen yankan. Ido kuwa ruwa ne da furotin. Ta yaya haka za ta yiwu? Ko dai tallar masu sayar da na'ura ce?

Malam Auwalu: Wa alaikumus salam Malam Bashir. Ba talla ba ce, amma sai ka raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa: yawan makamashi daban, saurin zuba shi daban.

Wannan leza tana fitar da haskenta ne a walƙiyar da ake aunawa da femtosakan. Ka raba sakan ɗaya gida biliyan, ka ɗauki gida ɗaya ka sake raba shi gida miliyan, abin da ya fito shi ne femtosakan ɗaya. Haske da ke tafiyar kilomita 300,000 a sakan, a cikin femtosakan 100 maikiromita 30 kawai yake ci (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), bai kai kaurin silin gashi ba.

Yanzu ga lissafi. Manyan na ɗakin bincike suna iya ba da milijul 1 a walƙiya mai femtosakan 100. In ka raba wannan makamashi da ɗan lokacin, ya ba ka ƙarfin megawat 10,000. Wutar da layin ƙasa ke rabawa a Nijeriya galibi tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000. Amma wannan ƙarfin na ɗan wancan lokacin ne kawai. Makamashin kansa ba shi da yawa: sai ka tara irin wannan walƙiya 4,200, kuma ruwan ya shanye su duka, kafin giram ɗaya na ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya. Ta aikin ido kuwa wajen kashi ɗaya cikin dubu na wannan take fitarwa. Harshen wutarka yana ɗura zafi sakan bayan sakan har furotin ya samu lokacin warwarewa ya manne da ɗan'uwansa. Walƙiyar nan ta zo ta wuce tun zafin bai fara yaɗuwa gefe ba.

Bashir Lab: Na gode Malam. Amma in makamashin kaɗan ne haka, da me take yankan?

Malam Auwalu: Da tara hasken wuri ɗaya. Hasken da aka fi amfani da shi yana daga nanomita 800 zuwa 1,050 ne a ma'aunin da ke nuna launin haske, can bayan ja, inda ido bai cika gani ba. Ruwa bai damu da shi ba, ratsawa yake ya wuce. Ƙwayar haske guda a nanomita 800 ƙarfinta 1.55 ne a ma'aunin ilektiron-bolt, alhali kafin ka fizge ilektiron daga ruwa kana buƙatar 6.5 ko fiye. Guda ɗaya ba ta iyawa. Amma in tabarau ya matse hasken a ɗigo ɗaya, sai ƙwayoyin haske biyar ko shida su faɗa wa ilektiron ɗaya a tare su fizge shi. Wanda aka fizge ya sha ƙarin haske ya bangaji na kusa da shi, wannan ma ya bangaji wani. Nan take ɗigon ya zama filazma, wato tarin ilektiron da aka fizge da molekul ɗin da aka ƙwace musu su, ya fashe, ya bar 'yar ƙaramar kumfa. A hanyar da hasken ya biyo kafin ya kai ɗigon babu abin da ya faru, don a can bai taru ba. Alfred Vogel a Lubek ta Jamus ya shafe shekaru yana auna wannan a cikin ruwa.

Likita Rabi: Bari in sa baki ta ɓangarenmu na ido. Abin da Malam ya faɗa haka yake a aikace. Garai-garan tantanin nan na gaban ido kaurinsa ya ɗan haura rabin milimita, kusan kashi 78 cikin 100 ruwa ne, sauran yawanci furotin ne mai suna kolajin. Na'urar tana jera kumfa dubbai gefe da gefe a zurfin maikiromita 100 zuwa 120. Kana kallo za ka ga farin layi yana tafiya daga wannan gefe zuwa wancan har ya game wurin, sai likita ya sa siririn ƙarfe ya ɗaga saman kamar murfi. Farin nan iska ce, ba dahuwa ba, kuma yana washewa da kansa.

In kana son ka ga bambancin, ka kwatanta da lezar YAG da muke da ita a asibitocin ido da dama a nan gida, wadda muke huda farin tantanin da kan taso bayan aikin yanar ido. Ita walƙiyarta ta nanosakan ce (nanosakan ɗaya femtosakan miliyan ne), kuma da milijul take aiki. Duk harbi mai jinya yana jin ƙas a cikin idonsa, in hannu ya kauce tana iya tsaga tabaran da aka dasa. Ita ma filazma take yi, amma da yake walƙiyar ta fi tsawo sai an zuba makamashi mai yawa kafin ruwan ya fashe, girgizar da kumfar kuma su yi girma. In ka gajarta walƙiyar, da ɗan kaɗan ka kai ga fashewa, ɓarnar gefe ta ragu.

Yadda aka fara ma abin a sani ne. A 1993 a Jami'ar Mishigan wani ɗalibi ya samu tsautsayi, hasken irin wannan leza ya shiga idonsa. Likitan da ya duba shi, Ron Kurtz, ya lura tabon ya fita tsaf ba tare da ya lalata kewayensa ba. Daga nan shi da Tibor Juhasz suka bi abin har ya zama na'urar tiyata.

Nafisa: Allah ya gafarta Malam Auwalu, ina da gyara a wuri guda, in an ba ni dama. Da irin wannan leza nake aikin digirina a nan Jamus, kuma maganar nan ta cewa ba ta dafa komai tana damuna, don rabin gaskiya ce.

Na farko, walƙiya ɗaya Malam ya lissafa. Tamu ta maikiroskof tana fitar da miliyan 80 a sakan, tsakanin wannan da mai bi mata nanosakan 12.5. Zafin da ya taru a ɗigo mai faɗin maikiromita ɗaya yana buƙatar wajen maikirosakan, wato nanosakan 1,000, kafin ya watse. Ka ga ta gaba ta iso tun ta baya ba ta huce ba. A ruwa zalla ba matsala sosai tun da ba ya shan hasken, amma inda akwai himoglobin ko melanin zafi yana taruwa ƙwarai.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci: ba zafi kaɗai ke lalata furotin ba. Tun ba ka kai ga yin kumfa ba, akwai ilektiron da aka riga aka fizge suna yawo a cikin ruwan. Kafin pikosakan ɗaya, wato femtosakan 1,000, ya cika ruwa ya kewaye su, sai kuma ga guntayen ruwan da aka fasa masu cin duk abin da suka tarar. Suna tsinka DNA, suna ɓata amino asid, wato tubalan ginin furotin, irin su tiriptofan da sistin, suna sa furotin ya ƙulle da wani. Ina gani da idona. Ƙwayar halitta tana nan lafiya a allon kwamfuta, in na ɗan ƙara ƙarfi sai wani ɗigo a cikinta ya fara haske fiye da kima, ɗigon ya yi ta faɗi, can sai baƙar kumfa ta bayyana, ƙwayar ta tattare ta mutu. Wani lokaci ma ba kumfa, sai washegari ka tarar ta daina rabuwa. Ma'aunin zafi ba zai nuna maka komai ba, amma ɓarna ta auku.

Malam Auwalu: Na karɓi ƙarinki 'yata, amma ba mu saɓa ba. Tambayar Bashir a kan naman da ke gefe ce. A ɗigon kansa ai ba wanda ya ce furotin ya tsira, can an farfasa shi gaba ɗaya. Abin da nake cewa iyakar ɓarnar ƙarama ce.

Nafisa: A yankan ido na yarda, Malam, don hasken yana tafiya ne, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Amma masu ɗaukar hoton ƙwayar halitta mai rai suna maimaita wuri guda sau ɗaruruwa, kuma da yawa suna ɗauka tun da ba su ga ƙuna ba to abin da suke kallo halinsa na asali ne. Wannan ɗin ne ban yarda da shi ba.

Mamman Damagaram: Ku yi mini haƙuri, ni ɗalibin kemistiri ne. Ina batun Ahmad Zuwail ya shigo a nan? Malaminmu ya ce shi ya buɗe fannin nazarin kemistiri da lezar femtosakan.

Nafisa: Ya shigo ta babbar ƙofa, Malam Mamman. Zuwail ɗan Masar ne, ya yi aikinsa a Caltech ta Amurka, ya samu kyautar Nobel ta kemistiri a 1999, ya rasu a 2016, Allah ya jiƙansa. Shi ba yanka ya sa a gaba ba, kallo ya sa a gaba. Ana raba walƙiya gida biyu. Ta farko ta tayar da molekul, ta biyu ta zo bayanta ta duba halin da yake ciki. Agogon da ake auna tazarar da shi madubi ne kawai a kan 'yar hanya: ka matsar da shi maikiromita 15, hasken ya je ya dawo ya ƙara 30, ka jinkirta ta biyun da femtosakan 100 ke nan. Ka yi ta matsarwa kana aunawa har ka haɗa labarin daga farko zuwa ƙarshe.

Da wannan dabara aka ga abin da ke faruwa a idonmu. A cikin furotin rodopsin akwai ɗan lanƙwasasshen molekul, retinal. In ƙwayar haske ta same shi sai ya miƙe, daga nan gani ke farawa. A 1991 masu bincike a Bakli ta Kalifoniya, su Mathies da Shank, suka auna cewa femtosakan 200 wannan miƙewar ke ɗauka. Duk lokacin da na tuna ina cewa Subhanallah. Sauran matakan har saƙo ya kai ƙwaƙwalwa sun fi shi jinkiri ninkin ba ninki, amma wancan na farkon ya gama tun ruwan da ke kewaye bai gama juyawa ba.

Shi ruwan ma Zuwail ya bi ta kansa. A kofi, molekul ɗin ruwa suna sakin juna suna kama wasu a cikin pikosakan ɗaya zuwa biyu. A 2002 shi da abokan aikinsa suka yi amfani da hasken da tiriptofan ke fitarwa suka auna ruwan da ke manne a jikin furotin, har da monelin, furotin mai zaƙi da ake samu a wani ɗan itace na dazuzzukan Afirka ta Yamma. Suka ce wani ɓangare na ruwan yana jinkiri har pikosakan gommai. Bertil Halle na Lund a Suwidin, da ya auna da wata hanya ta maganaɗisu, ya musa. Ya ce ruwan ɗan jinkiri kaɗan yake yi, jinkirin da aka gani motsin furotin ɗin ne da kansa. An daɗe ana ja. Ni na fi karkata ga cewa ba a iya raba su, furotin da ruwan jikinsa tare suke motsi.

Injiniya Sabo: To ni abin da ya ja hankalina daban ne. Na taɓa ganin labarin cewa ana kashe bairos a cikin jini da wannan leza ba tare da an taɓa jinin ba. In haka ne, me ake jira? Ku duba yawan masu ciwon hanta da muke da su, da fargabar da ake yi wajen ƙarin jini.

Bashir Lab: Yauwa, Injiniya ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Gwajinmu yana iya kasa kama wanda bai daɗe da kamuwa ba.

Nafisa: Labarin yana da asali, Yaya Sabo. Wajen 2007 Kong-Thon Tsen na Jami'ar Jihar Arizona da ɗansa suka ba da rahoton cewa sun kashe wani bairos mai suna M13, wanda bakteriya yake kamawa ba mutum ba, da walƙiya mai nanomita 425. Bayaninsu shi ne walƙiyar tana girgiza kwanson bairos ɗin har ya tarwatse. Daga baya suka ƙara da cewa furotin ɗin kwanson ne ke dunƙulewa. A 2014 wata ƙungiyar ta gwada ta ce ba ta ga wannan tasiri ba. Maganar ba ta zauna ba ke nan.

Ko da ta zauna, akwai katanga. Himoglobin yana shan haske mafi yawa a daidai wajen nanomita 415 zuwa 430. In ka haska wa cikakken jini wannan launi, jajayen ƙwayoyin ne za su fara shanye shi, ba zai shiga ko'ina ba. Sai dai a ruwan jinin da aka tace. Sannan ɗan mitsitsin samfuri suke haskawa na tsawon lokaci, jakar jini kuwa mililita 450 ce.

Likita Rabi: Kuma akwai hanyoyin kashe bairos da suka riga suka tabbata. Albumin ana dumama shi a digiri 60 na awa 10 tare da abin da ke kare shi. Ruwan jini da filatilet ana sa musu ribofilabin ko amotosalen a haska musu hasken da ke bayan shuɗi. Mu abin da ya fi mana sauƙi da amfani shi ne gwaji mai inganci da masu ba da jini na sa-kai da aka san lafiyarsu.

Injiniya Sabo: Likita, ban ƙi ba, amma in kullum muka ce wannan ya fi ƙarfinmu, yaushe za mu fara? Haka aka ce da wayar hannu.

Likita Rabi: Ba cewa na yi ya fi ƙarfinmu ba, Injiniya. Cewa nake a duba abin da ya ƙara wa mai jinya. Ga misali a fannina. An fara aikin yanar ido da wannan leza a 2008 a Budafes ta Hangari, a hannun Zoltan Nagy. Tana zagaye tantanin daidai wa daida, ta farfasa yanar kafin likita ya shiga. Abin sha'awa. Amma da aka yi manyan gwaje-gwaje a Faransa da Ingila aka kwatanta da aikin da aka saba, ganin masu jinya bai fi ba, kuɗi ne ya ƙaru. Tsohon da yana ta rufe masa ido biyu a ƙauye, ɗan yanka da hannun ƙwararren likita da tabarau mai araha sun isa su dawo masa da gani washegari. Kuɗin na'ura ɗaya zai yi wa mutane masu ɗimbin yawa wannan aikin. Na'urar kuma tana son ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. In ana maganar bincike a jami'o'inmu, ina tare da kai ɗari bisa ɗari. In ana maganar kasafin asibiti, a fara da inda makafin suke.

Maman Ilham: Salamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu ko da yake ba duka nake ganewa ba. Na ji an ambaci himoglobin. 'Yata tana da sikila. Don Allah akwai abin da wannan leza za ta yi mata?

Nafisa: Wa alaikumus salam Anti. Allah ya ba Ilham lafiya, ya ba ki ladan jinya. In faɗa miki gaskiya kai tsaye: babu wani maganin sikila da ake yi da leza. Duk wanda ya ce miki zai haska mata ta warke, kada ki ba shi ko sisi.

Inda leza ta taimaka shi ne wajen gane cutar. Himoglobin na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane a amino asid guda ɗaya tak. In ya saki iskar oksijin sai ya riƙa mannewa da 'yan'uwansa, su yi dogayen zaruruwa su tanƙware ƙwayar jinin. Masu bincike suna so su san daga sakin iskar zuwa fara mannewa lokaci nawa ne. Sai su ɗora wa himoglobin iskar kabon monoksaid, irin ta hayaƙin janareta, wadda ke kama shi gam. Haske yana tsinka wannan kamun nan take; da aka auna da gajeriyar walƙiya an ga bai kai femtosakan 100 ba. Da ka haska ka mayar da himoglobin ɗin tsirara, sai ka fara ƙirga. William Eaton da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta Amurka sun nuna cewa akwai ɗan jinkiri kafin zaruruwan su fito, kuma da ka ɗan rage kaurin himoglobin a cikin ƙwayar, jinkirin yana ƙaruwa ninki mai yawa. In ƙwayar ta fice daga siraran jijiyoyi kafin lokacin ya cika, ta tsira a wannan zagayen.

Likita Rabi: Shi ya sa, Hajiya, ake nanata shan ruwa sosai. Shi ya sa kuma haidiroksiyuriya ke taimakon da yawa, yana ƙara irin himoglobin na jarirai wanda ba ya shiga cikin zaruruwan, sai jinkirin ya tsawaita. Ki tattauna da likitanta a kansa in ba a riga an fara ba, kada a saya a kemis a sha haka nan, don yana buƙatar a riƙa auna jini.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tana shan shi, amma yau na fahimci dalilinsa.

Dakta Garba (dabbobi): Ni ma ina da abin da ya shafe mu. Akwai lezar da hasken eksire take fitarwa, ita ma a femtosakan. Ta farko mai ƙarfi tana Sitanfod a Kalifoniya tun 2009, wata kuma ta fara aiki kusa da Hambug a 2017. Eksire yana lalata furotin, shi ya sa da can sai an samu babban kiristal kafin a gano siffarsa. A 2000 su Neutze da Hajdu suka kawo shawarar cewa in walƙiyar ta yi gajarta sosai, hoton zai fita kafin atam ɗin su samu damar tarwatsewa. Haka kuwa aka yi. Ana feso ƙananan kiristal a cikin siririn ruwa, kowanne walƙiya ɗaya yake samu ya ba da hoto ya fashe, a haɗa hotuna dubbai. Cikin furotin na farko-farko da aka gano sabon abu a siffarsu ta wannan hanya, a 2012, akwai katepsin B na ƙwayar tiripanosoma burusai, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa. Ita ke sa mutane ciwon barci, kuma tana cikin masu kawo sammore. Muna da cibiyar bincike a kan wannan cuta a Kaduna da Bom ta Jihar Filato. Sai dai a shanunmu 'yan'uwanta kongolense da bibaks sun fi yin ɓarna, kuma sanin siffar furotin matakin farko ne, magani yana can gaba.

Malam Auwalu: Madalla Dakta. Ka ga Bashir, nan furotin ɗin ya hallaka ƙurmus kamar yadda Nafisa ke faɗa, amma an riga an ɗauki hotonsa.

Bashir Lab: To akwai inda ake fitar da furotin daga nama da ransa, yana aiki? Don mu a wajenmu samfurin da ya lalace ba shi da amfani.

Nafisa: Akwai, kuma abin mamaki ba da mafi gajartar walƙiya ake yi ba. Dwayne Miller na Toronto ya zaɓi pikosakan, ya kuma zaɓi haske wajen nanomita 3,000, wanda ruwa ke sha da ƙarfi ƙwarai. Ba a fizge ilektiron, ba filazma. Ruwan ne ke karɓar makamashin ya tashi tururi farat ɗaya, ya ɗebo furotin ya yi sama da shi kafin ya samu lokacin warwarewa. Sun tara abin da ya tashi suka tarar inzayim na ciki, waɗanda su ma furotin ne, suna aiki. Ka ga ba gajarta kaɗai ake nema ba. Sai an dubi wa zai sha hasken, ruwa ne ko furotin ko himoglobin, sannan a zaɓi tsawon walƙiyar da ya dace da shi.

Wanda ya fi kusa da aikinka shi ne na Ferenc Krausz a Minik, ɗaya daga cikin ukun da suka samu Nobel ta fiziks a 2023. Suna harba gajeriyar walƙiya mai rauni ta cikin ɗan siririn ruwan jini. Ta wuce, amma molekul ɗin da ta kaɗa suna ci gaba da rawa na ɗan lokaci suna fitar da nasu hasken, shi ake kamawa. Kowane jini da irin zanensa. Fatansu a gane sankara da wasu cututtuka tun da wuri in zanen mutum ya sauya, kuma suna tara samfurin dubban mutane a Hangari. Har yanzu bincike ne, ba gwajin asibiti ba.

Bashir Lab: A nan ina da shakka, 'yar'uwa. Yawancin furotin da ke ruwan jini albumin ne da gulobulin, su za su cika zanen. Mutanenmu kuwa ga zazzaɓin cizon sauro a kai a kai, ga ciwon hanta, gulobulin ɗinsu yakan hau. In da jinin mutanen Turai aka tsara abin da ake kira lafiyayyen zane, mai lafiya a Funtuwa zai iya fitowa a matsayin marar lafiya.

Nafisa: Shakkarka a wurinta take, kuma amsarta ba leza ba ce, samfuri ne daga mutanenmu. Wannan ɓangaren ana iya fara shi a gida tun ba a sayi na'ura ba, in an samu izinin kwamitin ɗa'a da yardar masu ba da jinin. Sai dai hanyar tana jin komai. Jinin da ya yi awa uku a kan tebur kafin a juya shi a injin tacewa zanensa ya bambanta da wanda aka juya nan da nan. Wanda jajayen ƙwayoyinsa suka fashe wajen ɗiba an ɓata shi. Wanda ya narke aka sake daskarar da shi ma haka. Ana so a raba shi a ƙananan bututu, a rubuta lokacin ɗiba da lokacin juyawa, a ajiye a digiri 80 ƙasa da sifili ba tare da yankewa ba. Firizarku tana kai nawa, Malam Bashir, kuma in wuta ta ɗauke da dare me ke riƙe ta?

Bashir Lab: Tamu 20 ƙasa da sifili take kaiwa, tana kan sola da batir. Mai 80 sai a babban asibitin koyarwa. Zan tambayi wani abokin karatuna da ke can ko suna rubuta zafinta kullum, in kawo muku amsa a nan.

Injiniya Sabo: Ka tambayo mini har da wat nawa take ja da awa nawa injinta ke aiki a yini, in lissafa batirin da zai riƙe ta daga magariba zuwa hantsi.